Shekarar da Baba Ya Ɗinka wa Bindiga Gida

Haihuwata ta fari gida aka mayar da ni wanka, gidanmu na Shahuci, aka shimfiɗa min katifa a ɗakin Kaka. Na zo da niyyar in sha kunun kanwa, in ci gasasshen nama, in miƙe ƙafa har in yi arba'in. Ashe a daidai wannan tsakanin ne wani ɗan majalisa zai miƙe can Abuja ya ce a soke dokar da ta hana farar hula riƙe bindiga. Maganar ta biyo rediyo ta faɗo tsakar gidanmu, ta hana kowa sakat.

Babana baduku ne, rumfarsa tana cikin Kasuwar Kurmi a layin 'yan fata. Gadon sana'ar ya yi, don kakanninmu daga Barno suka zo da basillarsu tun zamanin da ake rufe ƙofofin gari da magariba. Yana ɗinka gafakar Alƙur'ani da alabe da tumtum, amma abin da ya yi suna a kai shi ne kube, na wuƙa da na takobi. A shekarar da nake ba da labari kasuwar kube ta yi sanyi ƙwarai. Baƙin da suke zuwa daga ƙasashen waje su saya su rataye a bango sun ɗauke ƙafa, mahauta kuma sun koma naɗe wuƙa da kwali.

Shi kuwa Baba mutum ne da in dabara ta faɗo masa ba ya iya zama. Ya taɓa yi wa fulas ɗin shayi riga ta fata. Ya taɓa yi wa buta. Umma tana da kalma ɗaya da take tarbar kowace dabara tasa da ita, wato "To," sai dai yadda take jan ta ne yake bambanta.

Rannan da safe na fito daga wanka ke nan, jikina yana ta tururi, an ɗora min jariri a cinya a bakin ƙofa. Baba yana kan buzunsa yana shan koko, rediyo a gefensa. Mai karanta labarai ya ce an gabatar da ƙuduri a majalisar ƙasa, wai a bai wa duk baligi mai hankali damar mallakar bindiga ya kare kansa, tunda masu satar mutane sun addabi hanyoyi da ƙauyuka. Baba ya tsaya da ludayi a hannu, bai kai baki ba, bai mayar kwano ba.

"Uwata," in ji shi, haka yake kirana don sunan Kaka na ci, "kin ji abin da na ji?"

Na ce, "Na ji, Baba. Wai za a bar kowa ya sayi bindiga."

"Ba nan nake ba. Mutum ya saya, ya fito daga shago, a ina zai sa ta? A aljihu? Ta tashi ta fasa masa cinya?" Ya ajiye ludayin ya miƙe tsaye. "Duk wuƙar da take garin nan tana da gida. Takobi yana da gida. Yanzu a ce mutanen Kano kaf sun sayi bindiga, kowa yana yawo da ita tsirara? Wa zai ɗinka mata gida in ba ni ba?"

Umma tana bakin murhu tana dama min kunu. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Tooo."

Sai ga muryar Kaka daga cikin ɗaki. Mahaifiyar Baba ce, tsohuwa tukuf, amma kunnenta yana jin faɗuwar allura in maganar ba da ita ake ba. Ta ce, "A fara da nawa. Ja nake so, a yi masa baki da kore."

"Ke kuma Iya, me za ki yi da bindiga?" in ji Baba.

"Abin da maza za su yi da ita. Dokar ta ce ban da tsofaffi ne?"

Matsala ta farko ita ce Baba bai taɓa riƙe ƙaramar bindiga ba, bai ma taɓa ganinta kusa ba. A nan ne mijina ya shigo cikin lamarin ba da son ransa ba. Malamin sakandare ne, darasin gwamnati yake koyarwa, Bafulatani ɗan Gwale wanda bai gaji Fulatanci ba amma ya gaji kunyar kaf, har da ta maƙwabta. Kullum bayan la'asar yakan zo ganin ɗa, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a soro ya gaida Baba kansa a ƙasa. Kaka kuwa, da yake akwai wasa tsakanin Barebari da Fulani, ba ta kiransa da komai sai Fulata.

Ranar yana durƙusawa Baba ya ce, "Malam, wayar nan taka tana nuna hoton bindiga?"

Ya ce, "Tana nunawa, Baba."

Ya nemo, ya miƙa da hannu biyu. Baba ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta, ya ce ai wannan ba ta fi ɗan yatsa ba. Aka nemo wani hoton da wani yake riƙe da ita. Baba ya gwada tafinsa da na mutumin hoton, ya zana a kwali, ya goge, ya sake zanawa. Washegari ya samo guntun katako a wurin kafinta, ya zauna ya sassaƙa, ya goge, ya shafe ta da baƙin rinin da yake yi wa fata. Wallahi da ya ɗaga ta a rana sai da gabana ya faɗi. Umma ta ce ko da wasa kada a shigar mata da wannan abu ɗaki.

Daga nan gida ya koma rumfa. Baba ya kwaso fatu daga wurin majema, ja da rawaya da kore, ya baza a tsakar gida, warinsu ya gauraya da na ganyen darbejiyar da ake dafa min ruwan wanka. Ya fara da kube na ƙugu. Ya lura masu babbar riga ba za su ji daɗin na ƙugu ba, sai ya ƙirƙiro na hammata mai igiya ta kafaɗa. Ana nan ya ce mata fa, ai su ma baligai ne masu hankali, aka shiga yanka ƙanana masu laushi. Wata safiya ya fito daga ɗaki ko hula bai sa ba ya ce, "Lefe! Nan gaba ba za a kai lefe ba sai da kuben amarya!"

Zazzaɓin nan kuwa yana yaɗuwa. Ni da nake masa dariya, ban ankara ba sai ga ni ina zana furanni a jikin kuben amare, yaro yana shan nono, ni ina gardama da Baba a kan ko rawaya ta fi dacewa da ja. Umma mai "To" ita ma aka wayi gari tana murza masa zare da kakin zuma, tana cewa don dai kada ya ɓata mata tsakar gida ne da daɗewa. Kaka kuma sai ta ƙwace bindigar katakon duk lokacin da Baba ya ajiye. Takan zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ta rufe ido ɗaya, ta auna ƙadangarun da suke shan hantsi a katanga, ta ce, "Tau!" Ƙadangare ya gyaɗa mata kai. Ta ce, "Kin gani ko, takwara? Ya amsa laifinsa." Na yi dariya a kwanakin nan har Umma ta riƙa yi min faɗa, wai mai jego ba ta irin wannan ƙyaƙyatawa, cikinta bai koma ba.

Matan da suke zuwa barka ma ba su tsira ba. Su zo ganin jariri, su ɓuge da gwada kube a hammata suna duba madubi. A nan na fara jin gardamar da ake yi a gari. Wata maƙwabciyarmu ta ce ita dai Allah ya kiyaye, unguwar da ake fasa wa juna baki da bokiti a layin famfo ita za a raba wa bindiga? Wata kuma ta ce ƙanenta direba ne, duk ranar da ya ɗauki hanya ba ta iya cin abinci sai ya kira, da yana da abin kare kansa da ta fi samun natsuwa. Aka yi ta yi, kowa tana da gaskiyarta, Kaka tana tsakiya da katako tana cewa duk wadda ta ɗaga murya za ta harbe ta.

Mutum ɗaya ne ba ya dariya, shi ne mijina. Kullum ya durƙusa sai Baba ya ce, "Malam, kai ne masanin gwamnati. Dokar nan ta kusa ko?" Shi kuma ya dubi tabarma ya ce, "To, Baba, ana kai." In ya shigo ɗaki wurina sai ya share gumi ya rage murya.

"Don Allah ki yi wa Baba magana. Ƙuduri fa ba doka ba ne. Yanzu karatu na farko kawai aka yi masa, wato an ambaci sunansa. Sai an yi na biyu an tafka muhawara, a tura wa kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, a dawo a yi na uku. A kai ɗaya zauren majalisar su ma su yi nasu. Sannan a kai wa shugaban ƙasa, in ya ga dama ya sa hannu."

Na ce, "To kai me ya hana ka faɗa masa?"

Ya zaro ido. "Ni? In dubi Baba in ce masa ya yi kuskure?"

Da safe na gwada. Na kai wa Baba ruwan alwala na walha, na ce, "Baba, an ce fa karatu uku ake yi wa ƙudurin nan, ɗaya kawai aka yi."

Fuskarsa ta washe. "Har an yi ɗaya? Alhamdu lillahi! Saura biyu ke nan. Uwata, yaro ɗan makarantar allo ma yana biya karatu uku kafin azahar, balle manya masu rawani da kwat. Miƙo min almakashi."

Haka na koma na ba mijina rahoto cewa na ƙara wa wutar fetur.

Da kube ya cika buhu, Baba ya ce lokacin talla ya yi. Ya zaɓi na hammata mafi kyau, ya ɗaura, ya zura bindigar katako a ciki, ya ɗora babbar riga ya nufi Kurmi. Niyyarsa in ya isa rumfa ya tara abokansa ya buɗe musu. Umma ta bi shi har soro tana cewa ya bar katakon a gida, ya ce kube babu komai a ciki ai kamar takalmi ne babu ƙafa, ba a ganin kyansa.

Ban je ba, mai jego ba ta fita, amma labarin ya riga shi isowa gida, kuma kowa da irin nasa. Wanda na fi yarda da shi shi ne wanda Baba ya bayar da bakinsa. Ya shiga ta layin 'yan kayan yaji, inda lungun yake da matsi, mutum biyu ba sa jerawa. Ya haɗu da wani abokinsa, ya ɗaga hannu ya yafa hannun riga a kafaɗa don su gaisa, sai gindin bindiga ya leƙo baƙi ƙirin. Wata mata da take sayen kanumfari ta gani, ta saki ƙara, "Wayyo Allah, bindiga!"

Nan take lungu ya yamutse. Mai gudu gaba, mai gudu baya, aka ture farantin daƙaƙƙen barkono ya tashi sama. Shi kuwa Baba ya manta sam da abin da yake hammatarsa. Da ya ji an ce bindiga, sai ya tattare riga shi ma ya zura da gudu. Mutane suna gudunsa, shi yana bin su yana cewa, "Ina yake? Ta ina ya ɓullo?" Duk lungun da ya shiga sai a watse, shi kuma ya ƙara wuta don yana zaton ɗan bindigar yana bayansa. Ga atishawa ta ko'ina, ido yana ruwa, ba mai ganin gabansa.

Masu gadin kasuwa ne suka tare shi a wata kwana. Ɗaya ya nuna hammatarsa da sanda daga nesa. Sai a lokacin Baba ya duba ya gane. Don ya wanke kansa, ya zaro ta ya ɗaga sama yana cewa, "Katako ce!" Kafin ya rufe baki kowa ya kwanta a ƙasa, har masu gadin. Sai da ya ƙwanƙwasa ta a jikin ginshiƙin rumfa, ta yi ƙwas ƙwas, sannan aka fara ɗago kai ɗaya bayan ɗaya.

Aka kai shi gaban dattawan kasuwa. Da yake tare suka tsufa a Kurmi, ba wanda bai san shi ba. Suka yi masa faɗa sosai, suka karɓe katakon, suka sa ya je ya ba mai barkono haƙuri ya gyara masa ɓarnar da aka yi. Amma wai kafin a sallame shi babbansu ya karɓi kuben, ya jujjuya, ya bi ɗinkin da farce, ya ce, "Hauka dai an yi, amma ɗinki ya yi kyau."

Da la'asar sai ga Baba, ido jajawur, hula a karkace, yana atishawa tun daga soro. Umma ta tsaya da hannu a ƙugu. Kafin ta buɗe baki ya ce, "Yau babu wanda bai san da kubena ba a Kurmi. Ko a rediyo na sa talla ba zai kai haka ba." Ya sake atishawa. Umma ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta kasa, ta faɗa kan turmi tana dariya har da hawaye. Kaka kaɗai ce ta yi fushi, don an ƙwace mata makami.

Bayan 'yan kwanaki aka yi sallama da Baba da rana tsaka. Ɗakin Kaka bango ɗaya ne da soro, saboda haka duk abin da aka faɗa a kunnena. Baƙo ne, muryar babban mutum, ya ce daga wani ƙauye yake can yamma, ya kwana a hanya.

Ya ce, "A kasuwa aka kwatanta min nan. An ce kai ne kake sayar da bindiga."

Baba ya ce, "Subhanallahi! Ni baduku ne, bawan Allah. Fata nake ɗinkawa."

Mutumin ya ci gaba kamar bai ji ba. Ya ce an shiga garinsu an kore musu shanu, an tafi da mutane, babban ɗansa yana cikinsu, har yanzu yana daji. Ya ce ya ji a rediyo an ce gwamnati za ta bar talaka ya riƙe bindiga, shi ya sa ya sayar da ɗan abin da ya rage masa ya taho. "Ni ba so nake in kashe kowa ba, Malam. So nake in sun dawo su ji ƙara daga gidana, su san da mutum a ciki."

Na leƙa ta labule. Baba ya ɗauko kube ɗaya ya nuna masa don ya gane irin aikin da yake yi. Mutumin ya karɓa, ya zura hannu a ciki har ƙasa, ya laluba, ya fito da hannun.

"Babu komai a ciki," in ji shi.

Baba ya ce, "Babu."

Umma ba ta jira an ce mata ba, ta zuba tuwo, ta ɗebi naman da aka gasa min ta ɗora a kai aka miƙa soro. Baba ya zauna da shi har ya ci, suka yi sallar azahar tare, ya raka shi har inda zai hau mota. Da ya dawo bai taɓa fata ba. Ya zauna a kan buzu yana kallon buhun nan. Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Ni kube na hango. Ban hango mai zuwa nema ba."

Da mijina ya zo ya durƙusa, Baba bai yi masa tambayar kullum ba. Ya ce, "Malam, ɗago ka dube ni. Tsakaninka da Allah, dokar nan za a yi ta?"

Mijina ya ɗago kaɗan. Ya jero masa duk abin da ya jero min, karatu da kwamiti da zaure biyu da sa hannu. Ya ƙara da cewa ƙudurori da yawa daga karatun farko ba a sake jin ɗuriyarsu, kuma irin wannan mai zafi, masu tsoronsa sun fi masu sonsa ƙarfi a can sama. Ya ce, "Gaskiya, Baba, ban ga alama ba."

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun ranar farko, Baba."

"Tun ranar farko! Kana kallo na yanka fatar akuya garke guda, kana ce min ana kai?"

Mijina ya mayar da kai ƙasa ya ce, "Nauyi na ji, Baba."

Sai ga Kaka ta ɗaga labule ta leƙo. "Kai, Fulata! Wato da gobara ce ta kama rigar surukinka, sai ka durƙusa ka ce Allah ya ƙara ɗumi?"

Baba ya yi ƙoƙarin riƙe fushinsa, amma kafaɗunsa suka fara rawa. Ya fashe da dariya har yana dukan tabarma, mijina ma yana yi ƙasa-ƙasa yana rufe baki da hula. Ni dai ina daga ciki ina dariya, amma muryar baƙon nan ba ta bar kunnena ba. Har yau in aka tayar da gardamar nan ban san ɓangaren da zan tsaya ba. In na tuna shi sai in ce a ba shi bindigar. In na tuna layin famfonmu sai in ce a'a.

Kamar yadda mijina ya faɗa, maganar ƙudurin ta bi iska. Rediyo ya koma kan tsadar mai. Buhun kube ya koma bayan ƙofa, Baba ya koma gafakarsa, ba mai tayar da zancen.

Umma ce ta fara taɓa buhun, kuma ba don ta taimaki kowa ba. Za ta je biki a Gwale, ga shi lokacin masu ƙwacen waya sun matsa wa gari, mace tana tafe da waya a hannu sai a tare ta da wuƙa. Ta rasa inda za ta ɓoye tata, sai ta zaro ɗaya daga cikin na mata, ta zura wayar, ta shiga daidai kamar don ita aka yanka. Ta rataya a hammata ta ɗora hijabi. A gidan biki wayar ta yi ƙara ana tsakiyar cin abinci, Umma ta sa hannu ƙarƙashin hijabi ta zaro ta fit. Mata suka yi mata caa. A ina kika samu? Wa yake yi? Akwai kore?

Washegari tun da hantsi aka fara sallama. Matan Gwale, sannan 'yan adaidaita sahu, sannan 'yan kasuwa masu babbar riga waɗanda na hammata ya yi musu daidai. Baba ya zazzage buhu a tsakar gida, ya zauna yana huda ƙasan kowane kube don wayar caji ta samu hanya, bakinsa har kunne.

"Ai dama na faɗa muku," in ji shi. "Na ce kowa a garin nan sai ya nemi kubena."

Umma ta ce, "Haka ka ce, Malam."

Na amare su suka fara ƙarewa, masu furannina, abin da har yau nake yi wa Baba gori a kai. Kaka ta ƙi ba da nata ko da aka taya. Ba ta da waya, goro take zubawa a ciki, ta rataya a ƙusa saitin kanta.

Ranar da na yi arba'in aka shirya ni komawa ɗakina. Baba ya kira mijina ya ba shi kyautar kube na hammata, baƙi mai bakin ja, wanda ya fi kowanne kyau. Ya sa shi ya ɗaura a gabansa ƙarƙashin kaftani, ya karɓi wayarsa da kansa ya tura a ciki. Wayar mijina kuwa irin faffaɗar nan ce, da ƙyar ta shiga. Muka yi sallama, Umma tana share ido, Kaka tana ce wa jariri ya dawo da wuri ya biya ta kuɗin ɗaki. Muka hau adaidaita sahu, ni da yaro da wata gwaggona da za ta raka ni, mijina a gefe, kaya a baya.

Mun fita daga lungunanmu ke nan wayar ta hau ƙara. Mijina ya sa hannu ta wuyan kaftani ya ja, ta ƙi fita. Ya sake ja, ya karkace, ya cije leɓe, gwiwar hannunsa tana dukan rufin keke. Direban ya dube shi ta madubi, ya ga mutum ya tura hannu a hammata yana kokawar zaro wani abu baƙi mai igiya. Sai kawai ya ja birki a gefen titi, ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Alhaji, don girman Allah, ga makullin, ni ma ba nawa ba ne!"

Gwaggo ta ce, "Kai, ɗan nan, waya ce!"

A daidai nan ta fito da ƙarfi har mijina ya buge haɓarsa. Mahaifiyarsa ce take tambaya ko mun taso. Direban ya sauke hannu a hankali, ya juyo gaba ɗaya yana kallon kuben. Ya ce a nuna masa ya gani, mijina ya janyo shi ta wuyan kaftani, igiyar tana kafaɗarsa. Ya zura tasa wayar, 'yar ƙarama, ta zauna ɗas. Ya ce sau biyu ana ƙwace masa waya a bakin aiki, a ina ake samun wannan?

Har muka isa Gwale yana tambaya, yana waiwaye, Gwaggo tana ce masa ya dubi gabansa akwai jariri a keken. Da muka sauka a ƙofar gida aka shiga da kaya, mijina ya kwance igiyar daga kafaɗarsa ya miƙa masa, ya ce shi ya yi masa kaɗan. Direban ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaura a kan rigarsa a waje inda kowa zai gani, ya gyara zama, ya ja kekensa yana ta danna hon har ya sha kwana.